Muryata Ce, Labarin Ba Nawa Ba Ne

"Zauna nan, ki ji da kunnenki."

Hajiya Rakiatu ba ta ma amsa gaisuwar ba. Da haɓa ta nuna wa Hikima bakin tabarma, ta ajiye waya a tsakaninsu kamar mai ajiye kayan sata a gaban ɓarawo.

Hikima ta durƙusa, murmushin da ta shigo da shi bai gama barin fuskarta ba. Tun da aka aiko cewa mahaifiyar Rashid na nemanta take ta zumuɗi, don kwana biyar ya rage a sa ranar aurensu. A zatonta maganar yayi za a yi, atamfar da 'yan biki za su ɗinka iri ɗaya. Har samfuri biyu ta ƙunso a jaka.

Rashid na tsaye a jikin bango da kayan aikinsa na Magazin, kasuwar kayan mota, ya ƙi yarda su haɗa ido. Yayarsa Mubarika tana zaune a ƙofar kicin da faranti a cinya, tana tsince shinkafa.

Hajiya ta danna wayar. Muryar Hikima ta cika tsakar gidan.

"Kwanansa tara a duniya. Na kwantar da shi a ƙofar wata tsohuwa a Nima, can Accra, na rufa masa ɗankwalina, ban waiwaya ba. Na hau motar Kumasi na dawo gidanmu, na ci gaba da amsa sunan budurwa. Har yau ba wanda ya sani, har wanda zai aure ni..."

Daga nan kuka ya ci ƙarfin muryar, sai shessheƙa.

Hikima ta sauke ajiyar zuciya, har dariya ta kuɓuce mata. Da ta san abin da dariyar nan za ta jawo, da ta haɗiye abarta.

"Haba Hajiya, ai littafi ne. Fusena ce ke magana, yarinyar cikin labarin. Ni karantawa kawai nake yi wa mata a gurup."

"Dariya ma kike yi," in ji Hajiya. "Muryar wa na ji?"

"Tawa ce, amma..."

"Wa ya yi kukan?"

"Ni ce."

"To."

Hikima ta buɗe jakarta. Ta zaro tata wayar, ta lalubo cikakken karatun ta kunna. Ga sallamarta nan a farko, ga ta tana cewa babi na goma sha biyu ne na Kwana Tara a Nima, daga alƙalamin Baƙuwar Kurmi.

"Kin ji ko, Hajiya? Yanke farkon aka yi, aka bar tsakiyar don a ɓata ni."

"Baƙuwar Kurmi," Hajiya ta maimaita tana taɓe baki. "'Yar gidan wa ce? Wa ya haife ta? A Zongon nan ko akuya ce ta ɓata an san gidan da ta fito. Suna ba fuska, ba gida, ba dangi. Ke kika ƙago sunan, kika laɓe a bayansa kina amayar da abin da ke cikinki. Shekarata sittin da biyu ina zuwa gidan makoki. Na san kukan tayawa, na san na mai abu. Wannan kukan mai abu ne paa."

"Wallahi Hajiya akwai ta."

"Yoo. In akwai ta, ki kawo min ita ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ta zauna a tabarmar nan, ta ce ita ta ƙago yaron. In ba ki kawo ta ba, goron da muka kai gidanku mun yafe, amma rana ba za a sa ba."

Hikima ta dubi Rashid. Ƙasa yake kallo. Ta juya ta dubi ƙofar kicin. Hannun Mubarika ya tsaya cak a cikin shinkafar, amma bakinta bai motsa ba.

Abin da zai ƙona wa mai karatu rai shi ne, Baƙuwar Kurmi tana cikin tsakar gidan nan a lokacin. Ita ce mai faranti a cinya.

*

Mutanen Zongon Kumasi Hausa suka sha a nono, amma Turanci aka koya musu a sukul, Larabci kuma a makaranta. Ka miƙa wa mace rubutun Hausa, sai ta yi ta in-ina har shayinta ya huce. Hikima dai ta yi sa'a. Marigayi babanta direban babbar mota ne mai kai goro Kano, kuma ba ya dawowa sai da littattafai a ƙarƙashin kujera. A cinyarsa ta koyi karatun.

Shekara uku da suka wuce ta ci karo da rubutun Baƙuwar Kurmi a wani gurup na waya. Babi ɗaya ta karanta a shagonta na ɗinki, ta bar rigar mutane a keke har azahar. Daga ranar ba babin da zai fito ba ta rubuta wa marubuciyar doguwar wasiƙa ba. Wani lokaci yabo, wani lokaci faɗa. Ta taɓa yin kwana uku tana fushi da matar da ba ta taɓa gani ba, don ta kashe wani tela mai kirki a tsakiyar labari.

Marubuciyar ta fara amsawa da "na gode" kawai. Daga baya amsar ta ƙara tsawo, har ta kai sai ta tambayi Hikima kafin ta saki babi. Hikima ce ta roƙi izinin ta riƙa karantawa da murya tana tura wa matan Zongo, don su ma su samu rabonsu. Kafin shekara, masu koko da masu kitso duk sun san muryarta.

Ita duk zatonta matar tana Kano. Sai ran nan saƙo ya shigo: "Ki zo gidan Hajiya Rakiatu mai koren ƙyaure, ki ce ɗinki za ki auna." Lungu biyar ne tsakaninsu. Hikima ta tarar da Mubarika, wata siririyar bazawara mai 'ya'ya mata biyu, wadda ke rubutu da babban yatsa a kan tsohuwar waya, uwarta na zaton azkar take karantawa. Suka kalli juna, suka fashe da dariya har da hawaye.

A ranar Mubarika ta ba ta amana. Tsohon mijinta na unguwar Krofrom ya daɗe yana neman hujjar ƙwace yaran. Ya kai ƙara wajen malamai sau biyu bai samu abin kamawa ba. Ranar da ya ji cewa uwar 'ya'yansa ce ke rubuta labaran soyayya da cikin shege, ranar ya samu.

A ranar ce kuma Rashid ya dawo daga aiki ya tarar da baƙuwa, ya nace sai ya kai ta gida a babur, tafiyar da ba ta kai minti uku a ƙasa ba.

*

Kafin Talata, ba wayar da karatun nan bai shiga ba a Zongo. Waɗanda suka san littafin sun sani, amma suka yi gum, don tsegumin ya fi littafin daɗi. Tsofaffi kuwa da ba su taɓa jin ana karanta labari a waya ba, su a wajensu in mutum ya ce "na yi" da muryarsa yana kuka, to ya yi.

Mai waake ta bakin lungu, da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji, ta zuba wa Hikima shinkafa da waken tana girgiza kai.

"Ei, Hikima. Ashe kai yana da yaro a Accra? Ka je ka ɗauko shi mana, yaro bai yi komai ba koraa."

Hikima ta ajiye kwanon ta tafi.

Ba sai an yi duba ba a san wanda ya yanke karatun. Zuberu ne, mai gyaran waya a Race Course, wanda ya yi shekara yana sintiri a shagonta tana ce masa a'a. Daga wayar ƙanwarsa abin ya fara fita. Ba a kwana biyu ba kuwa sai ga Baba Iddrisu, ƙanin mahaifinta kuma waliyyinta, ya zo gida da labari mai daɗi a ganinsa.

"Ki gode Allah, Hikima. Zuberu ya zo wurina da kansa. Ya ce shi ko da yaron yana so, zai ma riƙe shi kamar nasa."

"Wane yaron, Baba?"

"Ni dai ban ce akwai ba, ban ce babu ba."

"Baba, a hannunka na girma."

"Shi ya sa nake nema miki rufin asiri. In marubuciyar nan mutum ce, ki faɗi sunanta mu huta. In ba ki faɗa ba, ni ba zan bar 'yar wana tana yawo a bakin mutane ba. Zan duba maganar Zuberu."

Wato mutum ya watsa maka kashi, ya dawo da bokitin ruwa, a ce kuma ka yi masa godiya. Hikima ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, baƙin ciki ya hana ta ko kuka.

Ranar Laraba Hikima ta hau turoturo, motar haya, zuwa Suame Magazine. Ta ratsa ƙarar guduma da warin baƙin mai har rumfar da Rashid ke sayar da kayan gyaran mota. Da ya gan ta ya miƙe da sauri, ya share mata benci da hular kansa. Ranta ya ɗan yi sanyi.

"Kwana biyu ba ka kira ni ba."

"Kaina ne ya yi zafi, Hikima. Yaran Magazin har kwaikwayon kukan suke yi in na wuce."

"Ni kuma a kaina ake yi, ba in na wuce ba."

"Na sani. Ni na yarda littafi ne, wallahi na yarda." Ya ɗauki wani ƙarfe ya juya shi, ya ajiye. "Amma me ya sa ba za ki faɗi matar ba? Ko ni kaɗai."

"Amana ce."

"Amanar wata ta fi aurenmu?"

"Ban ce ta fi ba. Na ce amana ce."

Ya yi shiru. Da ma ya ci gaba da shirun.

"Hikima, kada ki ji haushi. Shekarar da kika je Accra koyon ɗinki... wata nawa kika yi?"

Ta dube shi sosai, wannan mutumin da ya taɓa tsayawa cikin ruwan sama a ƙofar shagonta don kawai ta ce kanta na ciwo.

"Wata goma sha ɗaya. Ka ƙirga da kyau, ya isa ciki da haihuwa har da arba'in."

"Ba haka nake nufi ba."

"Me kake nufi?"

"Ki rantse min kawai. Ni da ke, ba wanda zai ji. Hankalina ne zai kwanta."

"Da na rantse wa Hajiya kana tsaye. Ba ka ji ba, ko tawa rantsuwar sai an yi maka ita daban?"

Ta miƙe. Ya biyo ta yana kiran sunanta har bakin titi, ba ta juyo ba. Sai da turoturo ya tashi hawayen suka zo, ta rufe fuska da mayafi. Wata 'yar ƙabilar Asante da ke kusa da ita ta dafa ta tana ce mata ta yi haƙuri, ba ta ma san a kan me ba.

*

Alhamis da la'asar Mubarika ta shigo shagon ta ja labule. Idanunta sun kumbura. Hikima ba ta ɗago daga keken ba.

"Ƙawata."

"Sannu Yaya. Ɗinki ne?"

"Kada ki yi min haka, Hikima."

Keken ya tsaya.

"Ya kike so in yi miki? Kina zaune aka ce na yar da jariri. Kina zaune aka ce ni na ƙago ki. Na juyo na dube ki, Yaya, kina tsince shinkafa."

"Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na hango 'yata Nana tana wasa a bakin rijiya." Mubarika ta zauna a kan tarin yadi, kuka ya ƙwace mata. "In ya tafi da su Krofrom ba zan ƙara ganinsu ba sai da sallah, in ma ya yarda. Ƙaramar har yanzu ba ta barci sai ta riƙe kunnena."

"Na sani. Ni nake yi musu kayan sallah, ba sai kin gaya min ba."

"To ki ce wani abu."

"Ban ce ki faɗa ba."

"Amma kina so."

"Ina so mana." Muryar Hikima ta karye. "Ni ba waliyyiya ba ce. Ina son Rashid kamar in mutu, ina son sunana. Ina so ki tashi gobe ki ce ke ce. In na tuna yaran kuma sai in ji na tsani kaina. Kwana uku ke nan ina wannan, ko abinci ba na iya ci."

"Ni na jawo miki. Da ban rubuta babin nan ba..."

"Kada ki zagi babin. Babin ba shi da laifi." Hikima ta share hanci da bakin mayafi. "Sau huɗu na ɗauki karatun ina sakewa don kuka. Na biyar na ce a bar shi haka. Ke kika iya rubutu, ni kuma na kasa riƙe hawaye, shi ke nan laifinmu."

Mubarika ta yi dariya cikin kuka, ta kamo hannunta. Hikima ta bar mata hannun, amma ba ta riƙe nata ba.

"Ba zan faɗa ba, Yaya. Ko Baba Iddrisu zai ɗaura min Zuberu a wuya, sunanki ba zai fita daga bakina ba. Ki je ki kwantar da hankalinki. Amma kada ki ƙara turo min babi. Ba zan iya karantawa ba."

Wannan maganar ta fi komai dukan Mubarika. Ta miƙe, ta gyara mayafinta ta fita.

*

Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Hikima ta yi sallama a gidan mai koren ƙyaure. Ta sa doguwar riga baƙa, ba hoda ba jan baki. A ɗakin Hajiya aka zauna wannan karon. Rashid na bakin ƙofa da farar jallabiya, Mubarika na gefen gado tana ninke kayan yara.

Hajiya ta leƙa bayan Hikima kamar da gaske tana sa ran ganin wani.

"Ina baƙuwar tamu?"

"Ban kawo kowa ba, Hajiya."

"Ba ta samu mota daga Kurmin ba ke nan."

"Akwai ta. Ba zan faɗi sunanta ba."

"Yoo, magana ta ƙare. Ni ban tsane ki ba, yarinya. Amma ɗana ɗaya ne namiji, ba zan..."

"Mma."

Mubarika ce. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta sauko daga gadon ta durƙusa kusa da Hikima, a kan tabarmar.

"Kin ce ta zauna a tabarmar nan ta faɗa da bakinta. Ga ni na zauna. Ni ce Baƙuwar Kurmi. Ni na ƙago Fusena, ni na ƙago yaron, ni na ƙago tsohuwar Nima. Hikima karantawa kawai ta yi."

"Yaya, ki bari," in ji Hikima da sauri.

"Ba zan bari ba. Jiya na kwana ina duban yaran nan, na ce in na riƙe su da wannan, me zan koya musu?"

Hajiya ta yi tsaki. "Tashi, kada ki raina min hankali. Rufa wa ƙawarki asiri za ki yi da kanki? Ke da ba ki da aiki sai azkar a waya?"

"Ba azkar ba ne, Mma. Allah ya yafe min." Ta miƙa wa Rashid wayar. "Duba. Littafi huɗu ne a ciki, kowane babi da ranar da na rubuta shi. Na ƙarshen ko Hikima ba ta gani ba."

Rashid ya karɓa. Ya yi ta ja da yatsa, yana ja, rubutun ya ƙi ƙarewa.

"Mma, gaskiya ne. Tun shekara uku da rabi."

Ana jin muryar yaran suna wasa a tsakar gida. Duk mai adalci zai zaci kalmar farko da za ta fito daga bakin Hajiya ita ce ta ban haƙuri. Ina. Miƙewa ta yi da saurin da ba a san ta da shi ba, ta tura ƙofa, ta saki labulen taga.

"Wa ya sani bayan mu?"

"Ba kowa," in ji Mubarika.

"To ba wanda zai sani." Ta dawo ta zauna tana haki. "Innalillahi. In wancan na Krofrom ya ji, jikokina sun tafi. Mubarika, kin kashe ni."

Sai ta juyo wajen Hikima. Fuskar nan da ta yi kwana biyar a murtuke ta saki, muryar ta yi laushi.

"Hikima, 'yata."

Yau kuma 'yata. Ranar Litinin yarinya ce mai yar da jariri.

"Ke mai hankali ce, na gani. Auren nan za a yi shi, ni da kaina zan tsaya. Abu ɗaya nake roƙo. Mutanen Zongo ki bar su da abin da suke zato. Su ce ke ce marubuciyar, su ce me ma, bakinsu ne. In an ɗaura aure kowa zai gaji ya yi shiru. Ke ba ki da 'ya'yan da za a ƙwace."

"Mma, wannan zalunci ne," in ji Mubarika tana kuka. "Ba don haka na faɗa ba."

"Rufe min baki, ke kika jawo."

Hikima ta ɗago ta dubi Hajiya. Haushi ya cika ta har wuya, amma da ta yi magana muryarta ba ta rawa.

"Zan yi shiru, Hajiya. Ba don kin roƙa ba. Tun kafin ki sani nake shirun, kuma don Yaya da yaranta nake yi. Ko shekara nawa ne zan ɗauka."

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu yi miki." Hajiya ta share ido, ta juya. "Rashid, maza je ka gaya wa Baba Iddrisu gobe muna zuwa sa rana."

Rashid ya matso, fuskarsa cike da murna da kunya.

"Hikima, wallahi dama zuciyata ta ba ni ba ke ba ce."

"Tsaya, kada ka je tukuna."

Ya tsaya.

"Hajiya ta nemi shaida don ba ta san ni ba. Sau nawa ta gan ni? Ban riƙe ta ba. Baba Iddrisu tsoron bakin mutane yake ji, shi ma na gane. Kai fa? Shekara biyu kana zama a bencin shagona. Ba abin da ban gaya maka ba, har abin da ban gaya wa uwata ba. Kai ne ka ƙirga min watanni."

"Kuskure ne, Hikima. Kaina ne ya..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa a gaban Hajiya. Da Yaya ba ta sauko daga gadon nan ba, me za ka ce min a ƙofar gida?"

Rashid ya buɗe baki. Ya dubi uwarsa, ya dubi yayarsa, ya dubi wayar da ke hannunsa. Hikima ta jira shi. Wallahi ta jira, har addu'a take yi a zuci ya faɗi ko da ƙarya ce mai kyau. Bai ce komai ba.

Hawayen da ta riƙe tun shigowarta suka zubo.

"Zongo ba za ta daina maganar nan ba, Rashid, ka ji abin da na ɗauka yanzu. Gobe wani zai kwaikwayi kukan a Magazin, jibi wata za ta tambaye ka lafiyar yaron Accra. Ni zan iya da su duka. Abin da ba zan iya ba shi ne in dawo gida in tarar da mai ƙirga."

"Haba 'yata," in ji Hajiya, "namiji ne, ki yi masa uzuri."

"Ina son sa, Hajiya, shi ya sa abin ya yi zafi." Ta miƙe, ta gyara mayafi. "Ranar da ya samu amsar, ya zo da ƙafarsa ya gaya min. Kafin nan kada a sa min rana."

Ta buɗe ƙofa ta fita. Rashid bai motsa daga inda yake ba.

Ba ta kai ƙyauren ba ta ji taku a bayanta. Mubarika ce, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Lungun cike yake da matan da suka fito shan iska bayan Juma'a, kowacce ta bar abin da take yi ta zuba ido.

"Koma ciki, Yaya. Za su ce wani abu."

"Su ce."

Mubarika ta kama hannunta. Wannan karon Hikima ta riƙe, ta matse da ƙarfi, suka ratsa tsakiyar matan tare har ƙofar gidansu.